Jitata tana gurnani kuma wuta na ja na: wane fikof zan saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina kaɗa jitar lantarki a ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Gombe, wani lokaci kuma a wuraren biki. Jitar ƙirar Stratocaster ce mai fikof uku, wato na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, masu koyil (naɗin waya) ɗaya, amma ba ta asali ba ce. Da na jona ta da amfilifaya sai gurnani ya tashi, kuma sau biyu ke nan ina riƙe da tsirkiya leɓena ya taɓa makirufo na ji wuta ta fizge ni. Wani mai gyara ya ce fikof ɗin ne suka lalace suna yoyon wuta. Ya karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifayar don gurnanin ya ragu, ya ce in sayo fikof mai om dubu 16, wai shi ne mai ƙarfi. Na tara kuɗin, amma hankalina bai kwanta ba. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ka adana kuɗinka tukuna, kuma kada ka sake jona wannan amfilifaya da wuta sai an sauya mata fulogi mai ƙafa uku wanda wayar ƙasarsa ke haɗe.

Fikof ba ya yoyon wuta, domin ba shi da wutar da zai zubar. Maganaɗisu ne da siririyar wayar tagulla da aka naɗa sau dubbai, kusan 8,000 a irin naka, kuma abin da yake haifarwa idan tsirkiya ta motsa da wuya ya kai bolt ɗaya, wato bai kai ƙarfin batirin rimot ba. Wutar da ta fizge ka daga bango ko daga janareta ta fito, mai bolt 230, kuma hanyar da ta bi ta same ka a sarari take. A cikin kusan kowace jitar lantarki akwai wata 'yar waya da ta haɗa jakin jitar, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kai, da ɓangaren ƙasa na kebul, shi kuma kebul ɗin yana haɗe da gangar jikin amfilifaya. Saboda haka duk abin da ya hau jikin amfilifaya ya hau yatsunka. Idan makirufon yana jone da miksa, wato na'urar da ke haɗa sautukan kayan kiɗa, da ke shan wuta daga wani soket dabam, ɗaya na da wayar ƙasa ɗayan babu, to a lokacin da leɓenka ya taɓa shi kai ne ka zama wayar da ta haɗa su, kuma hanyar daga baki zuwa hannu ta ƙirji take bi.

Ƙafar nan ta uku da aka karya, aikinta ke nan: in wuta ta kuɓuce ta hau ƙarfen amfilifaya, ta kwashe ta ta kai ƙasa, fiyus ya ƙone, kai kuma ka tsira. Gaskiya ne karya ta yakan rage gurnani a wasu lokuta, musamman idan amfilifaya da miksa suna haɗe da juna ta kebul kuma kowace na da tata hanyar zuwa ƙasa, domin hanyoyin biyu sukan yi zobe su ɗauko gurnani. Wannan ɗan sauƙin da kunne ke ji shi ne ya sa ɗabi'ar ta ƙi mutuwa. Mai gyara zai sa filaya ya ɓalle ƙafar, sauti ya ɗan washe, a ba shi na goro a yi masa godiya, alhali ya jefar da garkuwa ne don ta yi masa nauyi a fagen fama. Maganin wancan zoben akwai shi, kuma ba a fulogi yake ba: ana jona kayan sauti duka a tushen wuta ɗaya, ko a sa ƙaramin akwatin nan da ake kira DI tsakanin amfilifaya da miksa, wanda ke da maɓallin raba ƙasar siginar ba tare da an taɓa wayar ƙasa ta wuta ba.

Na gaji da ganin dabarun da ake yi wa wannan matsala a Bauchi da Gombe. Akwai mai naɗe kan makirufo da hankici, akwai mai cewa a sa silifas ɗin roba, akwai mai fere wayoyi biyu ya cusa a soket ya danne su da tsinken ashana. An taɓa kawo mini wata jita daga wajen Yelwa, na buɗe bayanta na tarar an datse wayar jakin an nannaɗe bakinta da salatif, wai don kada tsirkiya ta ƙara ja. Mai ita ya zo ne yana kukan gurnani ya ninka, bai san cewa amfilifayarsa na nan da cutarta ba, kuma ƙarfen bakin kebul da yake kamawa kullum yana ɗauke da wutar da ya gudu daga gare ta. Mafi ban haushi su ne masu cewa ai ɗan shokin ne kawai, an saba. Wani jan, hakika, ƙaramin yoyo ne daga na'urorin da ba a haɗa su da ƙasa ba, wanda bai wuce tsikari ba. Amma leɓe ba mita ba ne, ba zai gaya maka ko yau tsikari ne ko kuwa rufin waya ne ya narke a cikin taransifoma. Ran da aka yi ruwa, daɓen siminti ya jiƙe, gumi ya jiƙa hannu, lissafin ya sauya gaba ɗaya. A shekarar 1972 wani makaɗin jita mai suna Les Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, a gaban jama'a, bayan ya taɓa makirufon da ba shi da haɗin ƙasa. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya mutu a gidansa wuta ta ja shi yana kaɗa jita. Ba fikof ne ya kashe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ka sami mai wayarin na gaskiya, ba yaron da ke ɗaukar masa jaka ba. Ya duba ko soket ɗin majami'ar na da wayar ƙasa a zahiri, domin ramuka uku a fuskar soket ba shaida ba ce. Sau da yawa idan an kwance sai a ga wayoyi biyu kacal a ciki. Ya duba janareta ko an haɗa shi da sandar ƙarfen da ake binnewa, ya kuma tuna cewa a hunturu ƙasarmu takan bushe ƙamas har sandar ta rage aiki, shi ya sa ake zurfafa ramin. Ya sa mita a kan ma'aunin wutar gida, tsinke ɗaya a tsirkiya ɗaya a ragar makirufo, ba tare da kowa ya taɓa su da hannu ba. Abin da ya kamata a gani bai wuce sifili ko kusa da shi ba. In da hali, shugabannin majami'a su sayi na'urar nan mai katse wuta da kanta da ake kira RCD, mai miliamfiya 30, a sa ta a layin da ke ciyar da kayan kiɗa. Kuɗinta bai kai na fikof ɗin da aka ce ka saya ba.

Sai mu koma kan gurnani, mu ga ko laifin fikof ne. Ka murɗe maɓallin sautin jitar zuwa sifili. Idan gurnanin na nan yadda yake, to ba daga fikof yake ba, ka nemi kebul ko amfilifaya ko wutar wurin. Idan ya ɗauke, ka buɗe sautin ka juya jikinka a hankali kamar mai neman sabis ɗin waya: in gurnanin na ƙaruwa yana raguwa da juyawarka, wannan halin fikof mai koyil ɗaya ne, yana shaƙar filin maganaɗisun da taransifoma da sitabilaiza da wayoyin wuta ke bazawa, mai bugun 50 a daƙiƙa. Ba lalacewa ba ce, har Stratocaster ta asali ta kamfanin Fender haka take yi. Idan kuwa wata tsuwa ce mai kaifi da ke yin shiru da ka ɗora hannu a tsirkiya, ramin jitar ne ke buƙatar a shimfiɗe shi da salatif ɗin tagulla a haɗa da ƙasa. In ƙara ma take yi idan ka taɓa, to wayar jaki ta tsinke ko an juya wayoyin bakin kebul.

Batun om dubu 16 kuma, mai gyaranka ya ɗauki ma'aunin tsawon waya ya mai da shi ma'aunin ƙarfi. Om yana gaya maka yawan wayar da aka naɗa da kaurinta ne kawai. Waya mai lamba 43 ta fi mai lamba 42 siranta, don haka za ta nuna om mafi yawa ko da adadin naɗin ɗaya ne, ƙarfin maganaɗisu kuwa mita ba ta ganinsa sam. Fikof ɗin Stratocaster na gargajiya yana wajen om dubu 6. Mai koyil biyu da Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, wanda ya hau jitar Les Paul a 1957, yana wajen dubu 8. Masu dubu 16, irin JB na Seymour Duncan, an yi su ne don su tura amfilifaya har sauti ya dagule, kamar yadda makaɗan rok ke so. Yawan naɗi yana ƙara kauri a tsakiyar sauti ya kuma cinye zaƙin sama. Kai kuwa kiɗan da ake yi a majami'unmu da bukukuwanmu na tsinka ne, salon hailaif da na Kwango, inda ake son kowace tsirkiya ta fito tar ta ratsa tsakanin ganguna da kibod da muryoyin mata. Ka sa mai dubu 16 a nan, ka sayi laka da kuɗinka. In ƙarar sauti kake nema, maɓallin amfilifaya na nan kyauta.

Abin da zan zaɓa maka ya danganta da aljihu. Mafi arha, ka gwada matsayi na 2 da na 4 a kan sandar zaɓen fikof. Idan gurnani ya ɗauke a nan, fikof ɗinka na tsakiya an naɗa shi a juye kuma maganaɗisunsa a juye, yana kashe gurnanin idan ya haɗu da maƙwabcinsa. Idan bai ɗauke ba, sauya na tsakiyar kaɗai da irin wannan ya isa ya ba ka matsayi biyu masu tsabta, muddin ya dace da sauran biyun. In kuɗin sun kai, ka sayi saiti na masu koyil biyu a jikin mai ɗaya, waɗanda aka ɗora koyil kan koyil, irin Noiseless na Fender. Suna shiga ramin da kake da shi ba tare da sassaƙa ba, kuma sun fi kusa da sautin da ka saba. Wasu na cewa zaƙinsu bai kai na asali ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a ɗakin da janareta ke ruri a bayan taga ba wanda zai ji bambancin. Cikakken mai koyil biyu a kusa da jaki sai in ka ɗaga farantin gaban jitar ka ga ramin katakon ya isa, kuma ka auna tazarar tsirkiya ta farko zuwa ta shida: jitoci irin taka sukan kai milimita 52 ko fiye, don haka ka nemi mai faɗin da ya yi daidai. Ka kuma sani cewa mai koyil ɗaya yakan tafi da maɓallin sauti mai om dubu 250, mai koyil biyu kuma dubu 500. Masu batiri irin EMG shiru gare su ƙwarai, suna aiki da batirin bolt 9 da maɓallin dubu 25, kuma ba sa buƙatar wayar jaki. Sai dai ba sa warkar da amfilifaya mai yoyo, kuma ran da batiri ya mutu ana tsakiyar waƙa za ka tuna da ni.

Kafin ka biya, ka juya fikof ɗin ka dubi cikinsa. A jitoci masu arha za ka ga baƙin sandan maganaɗisu na seramik manne a ƙasa da gam, ƙusoshin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi kuwa ƙarfe ne kawai. A na alniko, wato maganaɗisun haɗin ƙarfe, ƙusoshin shida su ne maganaɗisun, ƙasan a shafe yake. Seramik ba aibu ba ne, amma kada a sayar maka da shi da sunan alniko. Jabu sun yi yawa, da tambarin manyan kamfanoni a goshinsu, don haka ka duba adadin om ɗin da kamfanin ya wallafa na wannan samfurin, ka tafi da mita ka auna a gaban mai kanti. A nan ne kaɗai om ke da amfani gare ka. Ka tambaya ko an tsoma shi a kakin zuma, domin wanda ba a tsoma ba yakan yi kuwwa idan an ɗaga sauti kusa da lasifika.

Bayan an ɗaura, ka danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan jitar ka bar tazarar kusan milimita 2 tsakaninta da ƙusar fikof, ɓangaren masu kauri ya ɗan fi nisa. In ya matso da yawa maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiyar, sauti ya yi rawa ya mutu da wuri. Ka fara gwada wannan da sukundireba a kan tsofaffin fikof ɗinka, da sababbin tsirkiyoyi, bayan mai wayarin ya gama nasa aikin.