Amsa ga ƙanena mai tambaya kan anatomi kafin ya taho

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya sai yanzu na samu zama. Ka ce ka samu gurbin karatun likita a nan Masar amma an tsorata ka wai anatomi da fiziyoloji su ke kayar da mutane a shekarar farko, wai hadda ce zalla, kana tambaya me za ka fara kafin biza ta fito.

To hadda kam akwai ta ba zan ɓoye maka ba, ƙashi 206 ne a jikin babban mutum kuma kowanne da sunansa, kai har ɗan tudu da ramin da ke jikin ƙashin sai da aka raɗa musu suna. Amma wanda ya ce maka iyakarta kenan wallahi bai kyauta maka ba. Anatomi shi ne yadda aka gina jiki, fiziyoloji kuma yadda ginin yake aiki, in ka raba su za ka sha wuya a banza.

Ni ban gane haka ba sai ranar da aka ɗora min zuciyar mutum a tafin hannu a ɗakin gawa, warin fomalin, maganin da ake adana gawa da shi, yana ta sa ni hawaye, malamar ta ce in matsa bangon ɗakin ƙasa na zuciyar, na dama sannan na hagu. Na hagun ya ninka na daman kauri wajen sau 3, ta ce me ya sa? na yi shiru, ashe na dama huhu kawai yake tura wa jini ga shi nan kusa, shi kuwa na hagu sai ya kai shi har ɗan yatsan ƙafa, dole ya fi tsoka. Tun ranar ban sake haddace wannan ba don na riga na taɓa da hannuna. Kuma zuciyar nan kana zaune ma tana tura kimanin lita 5 a minti ɗaya, kusan duk jinin jikinka kenan. Zagayen jinin nan ta huhu wani likita Balarabe, Ibn Nafis, ya bayyana shi tun ƙarni na 13, a Alƙahira ya yi aikin likitancinsa.

Haka ƙoda, tana tace wajen lita 180 na ruwan jini a yini amma fitsarin da ke fita bai wuce lita 1 zuwa 2 ba, sauran duk jiki ya mayar. In ka riƙe tambayar ina sauran ya tafi, babin zai zauna maka.

Kafin ka taho ka zauna da tushen kalmomin nan na Girkanci da Latin, kadiyo zuciya, nefro ƙoda, hepato hanta, su za su yi ta dawowa. Sannan ka riƙa lalubar jikinka, ƙashin wuya, haƙarƙari 12 kowane gefe, bugun jijiya a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa.

Kuma don Allah ka kiyaye dama da hagu, na mara lafiya ake nufi ba naka ba. Gwajina na farko an soka allura a jikin gaɓa a ce mu rubuta sunan wurin, ana buga ƙararrawa duk minti, na rubuta hagu a wurin dama har sau 4, makin nan har yau yana min ciwo. In an saka muku ranar tafiya ka sanar da ni, Allah Ya kawo ka lafiya.