Ƙungiyarmu ta mata a Ohayo za ta iya samun tallafin gidauniyar gari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ma'ajiyar wata ƙungiyar mata Hausawa a wani gari na jihar Ohayo a Amurka, cikinmu akwai 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana. Muna karo-karo duk wata don taimakon juna in an yi haihuwa ko rasuwa. Ranar Asabar muna tara yara muna taya su aikin makaranta, muna kuma raka sababbin zuwa asibiti mu yi musu tafinta. Mun ji labarin abin da ake kira community foundation, wato gidauniyar gari, wai suna ba ƙananan ƙungiyoyi kuɗi. Za su ba mu? Muna so mu biya hayar ɗakin karatun yaran, mu ƙara wa asusun jana'iza ƙarfi, in da saura mu haƙa rijiyar burtsatse a gida.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Cikin abu ukun da kika lissafa, ɗaya ne nake ganin ƙofarsa a buɗe, wato karatun yaran. Shi da tafintar da kuke yi a asibiti, wadda ba ki ma saka ta a lissafin ba. Sauran biyun gara ku cire rai tun yanzu, kuma in kika san asalin irin wannan gidauniya za ki ga dalili da kanki.

A jiharku aka fara ta. A shekarar 1914 wani lauya mai suna Frederick Goff, shugaban bankin Cleveland Trust, ya kafa gidauniyar birnin Cleveland. Abin da ya dame shi shi ne wasiyyoyin masu kuɗi: mutum ya mutu ya ɗaure dukiyarsa a kan wata buƙata, shekaru su shuɗe buƙatar ta gushe, kuɗin su zauna ba su amfanar kowa. Sai ya ce a haɗa kyautar mutanen gari, babba da ƙarami, a asusu ɗaya, a juya ta, a riƙa kashe ribar a kan garin, rayayyu kuma su duba inda ta fi dacewa a kowane zamani. New York ta kafa tata a 1924, Columbus a 1943, yau suna da ɗaruruwa a faɗin ƙasar. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kusan wakafi ne. Shawarar da Manzon Allah (SAW) ya ba Sayyidina Umar kan gonarsa ta Khaibara ke nan: a riƙe asalin, a yi sadaka da amfanin. Yawancin waɗannan gidauniyoyi abin da suke fitarwa a shekara bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na dukiyar ba.

To kin ga, dukiyar ta gari ce, an kuma ɗaure ta da garin. Rijiya a Maraɗi ko Katsina aikin lada ne babba, amma ba ta cikin iyakar da aka shata musu. Asusun jana'iza kuwa matsalarsa daban ce: amfaninsa na 'yan ƙungiya ne kawai, wadda ta zuba ita ake yi wa. A idon dokar haraji ta Amurka wannan taimakon juna ne, ba aikin jinƙai na jama'a ba. Ku ci gaba da shi da kuɗinku, amma ku raba masa asusu, ku raba masa littafi. Na sha ganin takardar nema ta faɗi saboda wannan cakuɗawar kaɗai.

Sai batun rajista. Galibin waɗannan gidauniyoyi ba sa ba kowa kuɗi sai ƙungiyar da hukumar haraji ta IRS ta amince da ita a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3). Hanyar ita ce ku yi rajista da jiha, ku karɓi lambar haraji ta EIN, wadda kyauta ce, sannan ku cike fom. Ƙungiyar da kuɗin shigarta ba sa wuce dala 50,000 a shekara, kadarorinta kuma ba su haura dala 250,000 ba, tana iya cike gajeren fom na 1023-EZ. In kun samu, kada ku manta da rahoton shekara-shekara. Na ƙananan ƙungiyoyi, 990-N, 'yan layuka ne ta intanet, amma in aka tsallake shi shekara 3 a jere, amincewar tana faɗuwa da kanta.

Ni dai da za ki ji shawarata, ba da wannan za ku fara ba. Akwai hanyar riƙo: ku sami wata ƙungiya mai cikakkiyar rajista, misali cibiyar taimaka wa baƙi ko wani masallacin da ke da tsararren ofis, ta karɓi kuɗin da sunanta ta riƙe muku, ta kula da lissafi, ku ku yi aikin. Takan cire ladanta, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Mata da yawa sukan ji zafin wannan, suna ganin an ci musu kuɗi. Amma ki lissafa abin da za ku biya mai duba lissafi da inshora da kanku, za ki ga sauƙi ne. Sai dai a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu, ko da limamin unguwarku ne.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki sosai, domin nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Muna aiki tuƙuru, amma ba ma rubutawa. Akwai wata ƙungiya da na taya nema, irin taku ce. Da na tambayi yara nawa suke koyarwa, shugabar ta ce, "Ai suna da yawa, alhamdu lillahi." Na ce wannan ba za ta shiga takarda ba. Sai wata dattijuwa da ke gefe ta buɗe jakarta ta ciro wani littafi mai bangon kwali, gefensa duk ya naɗe, har da tabon shayi. Ashe kowace Asabar tana rubuta sunan yaron da ya zo da ajinsa, don ta san yawan abincin da za ta dafa. Wannan littafin na dafuwa shi ya zame mana hujja. Daga cikinsa muka fitar da yawan yara, da makarantun da suke zuwa, da waɗanda ba sa fashi. Ki sayi irinsa a makon nan. Ki sa a riƙa rubuta ranar da aka raka wata asibiti, da awa nawa aka yi, ba tare da sunanta ko ciwonta ba.

A takardar kuma kada ku ce kuna neman taimako don mu Hausawa ne. Ku ce a unguwa kaza akwai yaran da iyayensu ba sa jin Turanci sosai, ba mai duba musu aikin makaranta, ga abin da muke yi, ga kuɗin haya da littattafai na shekara ɗaya. Ƙofar ta kasance a buɗe ga kowane yaro, ɗan Somaliya ne ko ɗan Senegal ko ɗan ƙasa. In kuna haɗa karatun da na allo, ku raba musu lokaci, domin da yawa daga gidauniyoyin ba sa biyan kuɗin koyar da addini, duk da suna tallafa wa aikin jinƙai da masallaci ko coci ke yi wa kowa.

Wani abin da ba a cika faɗa wa masu nema ba: ba duk kuɗin gidauniyar ake nema da fom ba. Kaso mai tsoka na cikin asusun da iyalai masu hali suka buɗe, su ke ba da shawarar inda za a kai. Ba za ku iya buga musu ƙofa kai tsaye ba, amma jami'in shirye-shirye na gidauniyar ya san su, yakan kuma ce wa wani, "Ga wasu mata can suna abin da kake so." Shi ya sa nake cewa a san ku kafin a ga takardarku. Ki shiga shafin gidauniyar garinku ki duba yankin da take rufewa, da lokutan karɓar takardu, da jerin waɗanda ta ba a bara, ki ga ko akwai masu girmanku. Sannan ki rubuta wa jami'in gajeren saƙo, ki nemi ganawar minti 20, ki gayyace shi ya zo ranar Asabar ya ga yaran da idonsa. Karon farko ku nemi kaɗan, abin da za ku iya kashewa ku kawo rasiɗinsa cif. In kuma aka ce a'a, ki kira ki tambayi abin da ya rage, ki rubuta amsar a bayan littafin nan, ki ajiye ta zuwa zagaye na gaba.