Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ya gaji da yadda ake maganar matasa a majami'a

Salama a gare ki, 'yar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara 15 ya fara ja da baya daga sujada, kuma da kika matsa masa sai ya ce duk ranar da aka ambaci matasa a majami'a, in ba tsawa ba to gargaɗi. Kina tambaya ko taurin kai ne irin na masu tasowa, ko kuwa da gyara a yadda mu Kirista muke magana a kansu. Na daɗe ina koyar da ajin samari da 'yan mata a makarantar Lahadi, kuma a ganina yaron ya furta abin da tsaransa da yawa suke ji, sai dai ba kowa ne ke da ƙarfin halin faɗa wa mahaifiyarsa ba.

Idan kika saurari manya da kyau, za ki tarar maganarmu a kan matasa ba ta cika wuce iri biyu ba. Akwai ta kuka da su: yaran zamani ba sa jin magana, waya ta ɗauke musu hankali, suturarsu da kiɗansu sun lalace. Akwai kuma ta yabo, wadda ake yi a ranar matasa, a ce su ne manyan gobe, su ne za su riƙe ikilisiya bayan mun kau. Ta biyun ta fi daɗin ji, amma duka biyun abu ɗaya suke gaya wa yaro, wato yau ba shi da wuri a cikinmu, sai dai ya jira. Alhali a 1 Korintiyawa sura 12, inda Manzo Bulus ya bayyana ikilisiya a matsayin jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, bai sa shekaru cikin sharuɗɗan zama gaɓa ba, har ma ya ce gaɓoɓin da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su. Yarinya mai shekara 14 da ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma, take cin Jibin Ubangiji tare da mu, cikakkiyar 'yar ikilisiya ce yau ɗin nan, daidai da dattijon da ke zaune a kujerar gaba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye shekarun waɗanda Allah ya yi aiki da su ba. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, kuma amincin da ya nuna a gidan Fotifar ba a ranar da ya tsaya gaban Fir'auna yana da shekara 30 ya fara ba. Yosiya ya hau sarauta yana da shekara 8, kuma 2 Tarihi 34:3 ta ce a shekara ta takwas ta mulkinsa, wato yana wajen shekara 16, ya fara neman Allahn kakansa Dauda. Shi Dauda kuwa, da ya isa sansanin yaƙi, wansa Eliyab ya zarge shi da girman kai, Sarki Saul kuma ya ce masa shi yaro ne, ba zai iya karawa da Goliyat ba. Irmiya da kansa ya kawo wannan uzuri, Ubangiji ya hana shi cewa shi yaro ne.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Roda, a Ayyukan Manzanni sura 12. Masu bi sun taru a gidan Maryamu uwar Yahaya Markus suna addu'a domin Bitrus da ke kurkuku. Bitrus ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, Roda, wadda baiwa ce a gidan, ta gane muryarsa, ta ruga ciki da murna ta ba da labari, sai masu addu'ar suka ce mata ta haukace. Ta nace, suka ce ai mala'ikansa ne. Amsar addu'arsu tana tsaye a bakin ƙofa, wadda ta fara ganewa kuwa ita ce wadda ba a ɗauki maganarta a bakin komai ba. Na sha ganin irin wannan a zaman shawara na ikilisiya: matashi ya faɗi gaskiya a kan dalilin da ya sa abokansa suka daina zuwa, a yi murmushi a wuce, sai bayan watanni wani babba ya maimaita maganar a ce ya kawo hikima.

Tarihin ikilisiya ma yana da nasa shaidun. A 1800 wata yarinya 'yar Wales, Mary Jones, mai shekara 15, ta yi tafiyar kimanin mil 26 a ƙafa zuwa garin Bala domin ta sayi Littafi Mai Tsarki a harshenta, kuma labarinta yana cikin abubuwan da suka ingiza kafa ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki a Landan a 1804. Charles Spurgeon, wanda daga baya ya zama sanannen mai wa'azi a Ingila, ya tuba a Janairun 1850 yana da shekara 15, a wata ƙaramar majami'a a Colchester inda dusar ƙanƙara ta tilasta masa fakewa. Mai wa'azin ranar ba fasto ba ne, mutanen da suka hallara kaɗan ne, amma ya lura da baƙon yaron, ya dube shi ya yi masa magana kai tsaye daga Ishaya 45:22. Yana da shekara 17 aka ba shi kiwon ikilisiya a ƙauyen Waterbeach, yana da 19 aka kira shi Landan. Ba ina cewa a naɗa kowane saurayi fasto ba ne. Ina nufin akwai manyan da suka amince da shi kafin ya tsufa.

Abin da na lura da shi cikin aiki shi ne matasa ba sa auna darajarsu da abin da aka faɗa a mumbari, da abin da aka damƙa musu suke aunawa. Muna ba su jera kujeru, shara, da kula da lasifika, kuma ba laifi, hidima ce. Amma idan shekara ta zagayo ba a taɓa barin ɗayansu ya karanta nassi a babbar sujada ba, ko ya bi dattawa gaishe da marasa lafiya, ko a tambayi ra'ayinsa kan shirin da aka ce nasu ne, zai gane cewa hannunsa ake so, ba hankalinsa ba. Wani yaro da ake yi wa kallon fitinanne a ajina ya natsu ne bayan an ba shi koyar da ƙananan yara ayar haddacewa. Ya fara shirya darasi da kansa saboda akwai masu jiransa.

Sai kuma batun tambaya. Mai shekara 15 zai tambayi dalilin da ya sa Allah ya bar mahaifinsa ya mutu, ko yadda labarin halitta ya dace da abin da ake koya masa a makaranta. Idan aka amsa masa da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, tambayar ba ta mutu ba, intanet zai kai ta, kuma can ba zai rasa mai ba shi amsa ba. Ubangijinmu yana da shekara 12 aka same shi a Haikali tsakiyar malamai, yana sauraronsu yana yi musu tambayoyi, ba su kuwa kore shi ba.

Wannan duka bai soke horo ba. Firist Eli ya sha hukunci saboda bai hana 'ya'yansa aikata mugunta ba, kuma matashin da ba wanda ke tsawata masa shi ma an yi watsi da shi ne. Amma Matiyu 18:15 ta ce a fara samun mai laifi tsakaninku ku biyu, kuma ban ga inda aka cire matasa daga wannan umarni ba. Kunyata yaro a gaban jama'a, ko mai da kuskuren yarinya misalin wa'azi alhali kowa ya san wadda ake nufi, yana barin tabon da ke kai mutum har girma. Afisawa 6:4 ta haɗa biyun: kada iyaye su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, amma su goye su da horo da gargaɗin Ubangiji.

Game da ɗanki, kada ki raina matsayinki. Binciken da masanin zamantakewa Christian Smith ya jagoranta kan matasan Amurka, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna iyaye su ne mafi tasiri a kan bangaskiyar 'ya'yansu a waɗannan shekaru, kuma abin da na gani a ajina bai saɓa da haka ba. Ki zauna da shi ki nemi ya gaya miki ainihin kalaman da suka ɓata masa rai, ki ji har ƙarshe, kuma inda yake da gaskiya ki ce masa yana da gaskiya. Ki tambaye shi wace hidima zai so ya yi idan an ba shi dama. Sannan ki sami fasto ko shugaban matasa a keɓe, cikin ladabi, ki isar da abin da kika ji, amma sai da yardar yaron, domin kada ya ji an tona masa asiri. Idan akwai wani dattijo mai aminci da yake girmamawa, ki roƙe shi ya riƙa neman yaron da suna yana tambayar karatunsa, a fili kuma da saninki. Zan sa ku duka biyu cikin addu'a, kuma ina roƙo ki sanar da mu yadda zancenku da fasto ya kasance.