Tambayi Anti: Furen biki a wannan zafin, wa zan ba aikin?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk na biki ne, ba mamaki tunda daga an sha ruwan sallah wuraren biki suke cika a Makka da Jidda har zuwa hutun makaranta. Na ɗauko guda uku da suka shafi fure, ta farkon ita zan fi daɗewa a kai don abin ya taɓa faruwa a gidanmu.

Tambaya: Salam Anti ina yini ya aiki. Ni uwar amarya ce daga Jidda, 'yata ta fari zan aurar in sha Allah a watan Yuli, mun kama istiraha, wato gidan biki na haya, a Harazat, kamu da sa lalle a gida zamuyi sai daren biki a can. Matsalata mai fulawa. Da muna Sabil akwai maƙociyarmu da take haɗa mana irin wannan, tunda aka rushe unguwa a 2022 kowa ya kama gabansa ita ma ta koma gida Najeriya. Yanzu yarinyar ta nemo mutum biyu a Instagram, ɗaya yace riyal 9,000 kosha (dandamalin da amarya take zama) da teburi 12 da maskar amarya (furen da take riƙewa a hannu) duk fure mai rai, ɗayar tace 4,500 kuma wlh hotunanta sunfi kyau amma tace sai na tura rabin kuɗi kafin ma mu haɗu. Ni ban san kan fure ba Anti, a zamaninmu lalle da humra da turaren wuta sune kwalliyar, dan Allah a bani shawara kar inji kunya gaban dangin miji.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin lafiya, ya sa gidan zamanta ne.

Hajiya kafin ki tambayi kowannensu kuɗi ko kala, ki fara tambayarsa ƙarfe nawa zai kawo furen kuma ƙarfe nawa zai gama ɗaurawa. Wannan tambayar tafi duk hotunan Instagram muhimmanci. Kin san bikinmu na nan, kati zai ce bayan isha'i amma mata basa cika wuri sai sha ɗaya, zaffar amarya kuwa, wato shigo da ita, sai ƙarfe ɗaya na dare ko ma ta wuce, to furen da aka ɗaura tun la'asar ya yi awa tara yana jira kenan, a Jidda, a watan Yuli, ga zafi ga ruɗubar nan, wato laimar iska, da ko bango gumi yake.

Bikin 'yar yayata haka ya same mu. Mai furen yana da wani aikin a wani wuri a daren, sai ya zo namu da wuri ya ɗaura tun kafin la'asar ya tafi, mai istiraha kuma bai kunna mukayyif ɗin zauren ba, wato AC, sai bayan magariba. An cika gaban kosha da irin furen nan mai dunƙule kamar ƙwallo da suke cewa haidaranjiya, da rana da muka leƙa kamar kar ka ɗauke ido, amma wannan furen mashayin ruwa ne na gaske, awa kaɗan ba ruwa ya langaɓe. Lokacin da aka fara shirin shigo da amarya duk kawunansu sun sunkuya gefensu ya koma ruwan ƙasa kamar tsumman da aka matse, ina kallon yayata cikin leshinta na biki ta durƙusa tana zare su ɗaya bayan ɗaya tana tura su bayan labule idonta taf da hawaye. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kuma ba laifinsa shi kaɗai bane, ba wanda ya tambaye shi lokaci a cikinmu, ba wanda ya yi magana da mai wurin kan sanyi.

Don haka ki haɗa su magana su biyun, mai fure da mai istiraha. A kunna sanyi tun kafin fure ya iso, a ɗaura ƙarfen kosha da yadi da fitilu da rana ba komai, amma furen mai rai ya zama shi ne ƙarshen shiga, wajen magariba zuwa isha'i. In akwai abin da za'a ajiye a tsakar gidan istiraha inda ba rufi, wannan kam kar a sa masa mai rai ko ɗaya, asarar kuɗi ce. Kar kuma a ajiye fure daidai bakin mukayyif, iskar busar da shi take yi. Ki tambayi mai wurin ma tun yanzu ko yana barin mai kwalliya daga waje, wasu suna da nasu mutumin da suke tilasta wa mutane, wasu su ce sai an biya kuɗin shiga, wasu sun hana kyandir da buga ƙusa a bango, gara ki sani yau da ki sani ranar.

Yanzu maganar kuɗin. Abin da yasa fure mai rai yake da tsada a nan, yawancinsa a jirgi yake zuwa. Wardin da kike gani a shaguna mafi yawa daga Kenya ne, gonakin bakin tafkin Naivasha, da kuma Habasha. Masu manyan kai da dogon kara daga Ekwado da Kolombiya suke, wasu nau'o'in kuma ta kasuwar furen Aalsmeer ta ƙasar Holan suke biyowa. Ana nomawa a cikin gida ma, a Tabuk akwai manyan gonaki, amma basa isar kasuwa. Kinga tun kafin ya zo hannun mai shago ya riga ya kwana a hanya cikin sanyi, shi yasa na ce ki je shagon da ƙafarki ki ga ko yana da ɗakin sanyi ko talajar fure, wato firij. Wanda ba shi da ita a falonsa zai kwanar miki da kaya cikin bokiti.

Rabin farashi ba lallai yana nufin mai cuta ba ce, kuma 9,000 ba ya nufin shi gwani ne. Mai yiwuwa ita tana haɗa na roba da mai rai, abin da suke cewa sina'i da ɗabi'i, kuma ni a ganina wannan shi ne ma hankali in dai an faɗa miki gaskiya tun farko. Na roba masu kyau a can sama da bayan kosha inda hannu baya kaiwa, daga nesa cikin hasken fitila ba mai ganewa, kuma zafi bai dame su ba. Mai rai kuma a sa shi inda ido da hannu da kyamara suke zuwa, wato maskar amarya, da gefen kujerar da zata zauna, da teburin bakin ƙofa. Teburan baƙi kuwa Hajiya ki rage musu, ɗan ƙaramin abu gajere ya isa, matanmu sun zo ganin juna ne da gaisawa da rawa, dogon fure a tsakiya tare fuska kawai yake, kuma ga faranti na gahawa da shayi da dabino da cincin duk wuri suke nema, ƙarshenta zaki ga wata ta sauke shi ƙasa.

Wanda bai kwanta min ba shi ne tura rabin kuɗi kafin haɗuwa. Arabun, wato kuɗin kafin alƙalami, dole ne a wannan sana'ar don su ma oda suke yi da kuɗinsu, amma bayan an ga juna ne. Hoto kuma kowa zai iya ɗaukowa daga shafin wani ya manna a nasa. Ki ce ta turo miki bidiyon aikinta da aka ɗauka da waya ana tsakiyar biki, ba wanda aka ɗauka wuri fayau kafin mutane su zo ba, ko mafi kyau ta faɗa miki inda take da aiki a satin nan ku je ke da yarinyar ku tsaya minti goma tana ɗaurawa, gani ya kori ji. In ta yi ta kwana-kwana ki barta, komai kyan hotunan.

Ranar da zaku haɗu ki tafi da ƙyallen anko da hoton rigar amarya, in da hali ma yankin yadin rigar. Kala a waya daban take da a ido, fari kansa kala-kala ne, akwai fari tas akwai mai ruwan madara, in aka haɗa su ba daidai ba sai rigar ta fito kamar ta daɗe a akwati. Ki biya a haɗa miki samfurin teburi ɗaya ki gani, ki ɗauke shi hoto, wannan hoton shi ne shaidarki. Ki ce ki fi son masu juriya, karanful (kaneshan) da okid da ƙananan wardin nan da suke cewa bebi roz, waɗannan suna kai asuba da ransu.

Sai rubutu. Na san mu Hausawa muna jin nauyin cewa a rubuta, sai mu ce ai an yi magana ta mutunci, to mutuncin ne ma yasa za'a rubuta don kar a zo ana musu gaban baƙi. Ko a WhatsApp ne ta rubuto miki sunan kowane fure da kalarsa, kara nawa a kowane teburi, wanne ne mai rai wanne ne na roba, in wanda aka zaɓa bai zo a jirgi ba me za'a sa a madadinsa kuma sai an tambaye ki, lokacin kawowa, wa zai zo kwashe ƙarafa da gilasai bayan an tashi, in wani ya fashe nawa ne, kuɗin mota yana ciki ko baya ciki. Ki tambaya farashin da dariba ne, wato harajin VAT, ko babu, don tun watan Yulin 2020 ta koma kashi 15 cikin 100, a kan dubbai ba ƙaramin kuɗi bane. In shago ne mai sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, ki karɓi fatura, wato rasit, da ita zaki iya kai ƙara ma'aikatar kasuwanci ta lamba 1900 in an saɓa. Ragowar kuɗin kuma ki riƙe wani abu sai kin ga aiki a tsaye. Ki ɗora wata mai tsayayyen ido a kan wannan ranar, ƙanwarki ko babbar ƙawar amarya, ke uwar biki ba zaki samu kanki ba.

Na kamu da lalle a gida kuwa, ni da zaki ji tawa, ki nemi full, ɗan farin furen nan mai ƙamshi, na Jizan, irin na Abu Arish, wanda ake shiryawa a zare tun yana ƙulle. A saya ranar, a naɗe a ɗanyen ƙyalle a sa a firij, da yamma ya buɗe a wuyan amarya da gashinta, ƙamshinsa da na turaren wutarmu suna tafiya tare sosai, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na wardin jirgi ba.

Tambaya: Anti barka da aiki, ni ango ne daga Makka, bikinmu watan Nuwamba. Amarya tace ita wardin Ɗa'if take so a maskarta ba na waje ba, na zaga shaguna kowa yace babu. Ko in hau dutsen Hada na Ɗa'if da kaina in sayo a gona?

Amsa: Ango ka sha ƙamshi, Allah ya sa albarka. Masu shagon basu yi maka ƙarya ba ƙanina, ko ka hau Hada da Shafa a Nuwamba itacen kawai zaka tarar. Wardin Ɗa'if sau ɗaya yake fure a shekara, wajen Maris zuwa Afrilu, 'yan makonni ne, kuma da sassafe ake tsinkarsa a wuce da shi tukunyar dafawa kafin rana ta ɗaga don a fitar da ruwan wardi da man turare. Ko a lokacinsa ma bai dace da maska ba, karansa gajere ne kuma kafin dare ya fara zubewa. Ka sa a haɗa mata da wardi mai ruwan hoda irin kalarsa, ka sayo ruwan wardin Ɗa'if na asali a riƙa yayyafa wa baƙi a hannu a bakin ƙofa, in aljihu ya yarda ka saka mata 'yar kwalbar man a cikin lefe, wannan zai daɗe mata har bayan biki.

Tambaya: Slm Anti, ƙawar amarya ce daga Madina. Mai fure yace da safe zai kawo maska sbd yana da aiki da yawa, a ina zan ajiye ta har dare? Kuma amarya ta zaɓi lili amma Ummanta tana da asma.

Amsa: 'Yata ki roƙe shi ya kawo da yamma, in ya gagara to ki ɗan yanke ƙasan karan a karkace ki tsayar da ita cikin kofi mai ruwa kaɗan a ɗaki mai sanyi inda rana bata shiga. In firij zaki sa, banda wajen ƙanƙara, kuma ki fitar da tuffa da ayaba don iskar da suke fitarwa tana tsufar da fure da wuri. Kafin ki miƙa wa amarya ki goge karan da tawul ya bushe kar ya ɗiga a riga.

Lili kam ku canza shi saboda Umma, ƙamshinsa yana da ƙarfi, ga turaren wuta ga zaure a rufe, numfashinta ya fi maska. Okid fari zai ba ku wannan kyan kuma kusan ba shi da ƙamshi. In har akwai lili a wani gefen kwalliyar, ki sa a cire 'yan tsinkayen nan na tsakiya masu gari ruwan lemo, garin in ya taɓa farar riga kama ta yake, in kuma ya riga ya taɓa kar ki goge da hannu ko ruwa, ki manna salatif a hankali ki ɗaga.