Amsa kan horon natsuwa ga mai ciwon sikizofiriniya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce yayanki ya shekara 9 yana fama da ciwon sikizofiriniya, wato larurar ƙwaƙwalwa da kan sa mutum jin muryoyin da wasu ba sa ji, yana shan magani amma muryoyin da yake ji ba su bar shi ba, kuma kina so ki san ko horon natsuwa, wato koyon tsayar da hankali kan abin da ke faruwa a yanzu kamar numfashi, zai iya maye gurbin maganin. Allah ya ba shi lafiya. Ƙanina ma wannan larura ce da shi, kuma ni nake kai shi asibiti shekara 12 ke nan, saboda haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Horon ba ya maye gurbin magani, ƙari ne a kansa. Har gobe ƙanina yana shan risperidone kowane dare, kuma sau ɗaya da ya daina sai da muka kwana uku babu wanda ya runtsa a gidan.

Da farko ni ma na yi kuskure. Na samo wani sauti a intanet mai tsawon kusan minti 40, na zaunar da shi a ɗaki, na ce ya rufe ido ya bi abin da ake faɗa. Mai maganar yakan yi shiru na tsawon lokaci, kuma a cikin wannan shirun ne muryoyin suka samu fili suka rufe shi da zagi, har ya tashi yana gumi ya fita tsakar gida. Da na ba masaniyar halayyar ɗan Adam ta asibitin da muke zuwa labari, sai ta bayyana mini cewa tsarin da Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Masacusets ta Amurka a 1979, mai mako 8 da zaman minti 45 a kullum, an yi shi ne domin masu ciwon jiki da ya daɗe da masu damuwa. Paul Chadwick na Ingila ne ya gyara shi domin masu jin muryoyi, ya wallafa sakamakonsa a 2005: zama ba ya wuce minti 10, kuma mai jagoranci ba ya barin shiru ya yi tsawo, yakan yi magana a kai a kai.

Haka masaniyar ta koya wa ƙanina. Yakan zauna idonsa a buɗe, ya fara da jin tafin ƙafarsa a kan tabarma, sannan ya koma kan shigar numfashi da fitarsa. Idan murya ta zo ba a ce ya kore ta ba, ba a kuma ce ya ba ta amsa ba. Zai lura cewa ta zo, ya mayar da hankalinsa kan numfashin. Wannan shi ne ya fi ba shi wahala, domin shekara da shekaru ya saba ko dai ya yi musu da su da ƙarfi ko ya ƙure ƙarar rediyo. Sai da muka yi wata huɗu kafin na ji ya ce da bakinsa, "Yaya, suna nan, amma yau ban biye musu ba." Muryoyin ba su tafi ba har yanzu, tsoronsu ne ya ragu, kuma hakan ya isa ya koma shagon ɗinki da safe. Mutuwar jiki da ƙin shiga mutane kuwa, ban ga horon ya yi musu wani abin kirki ba. Sana'ar da zuwa sallar jam'i ne suka fi taimakawa a nan.

Wata gwaggonmu ta ce wannan horon ibadar wasu ce. Gaskiya ne asalinsa yana da alaƙa da addinin Buddha, amma a yadda ake yin sa a asibiti ban ga ana kiran sunan kowa ko rusuna wa wani abu ba.

Kafin ku fara, ki sanar da likitansa, kuma kada a gwada a lokacin da ciwon ya motsa. Tun da muryoyin sun ƙi lafawa duk da magani, ki tambayi likitan ko yayanki ya cancanci clozapine, wanda akan ba wa wanda aka gwada wa magani iri biyu ba su yi ba, sai dai yana buƙatar gwajin jini a kai a kai.