Mun Fita Bishara Nijar, Na Dawo Hankalina Ba A Kwance Ba

TAMBAYA: Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya da iyali. Ni malamar firamare ce a Kafanchan. A hutun Ista da ya wuce zumuntar matasan ikilisiyarmu ta fita bishara zuwa wani ƙauye a jihar Maradi, mako biyu muka yi. Mun tafi da gwanjo, da magunguna, da majigi da lasifika. Mun yi wa ɗakin sujada fenti, mun koya wa yara waƙoƙi, da dare mu haska majigi. Da muka dawo aka ba mu fili ranar Lahadi muka ba da shaida, aka yi ta tafi. Amma ni tun a mota jikina ya yi sanyi. Ranar da za mu taso na ji matar mai bishara tana gaya wa maƙwabciyarta cewa geron da suka ajiye na iri ne aka daka mana fura. Da na lissafa kuɗin mota da ciyarwa da rigunan da muka buga wa rubutu, sai na ga sun isa su riƙe mai bisharan nan kusan shekara. Waɗanda suka ɗaga hannu a wurin majigi kuwa, na tambaya ta waya, an ce ko ɗaya bai zo sujada ba. Yanzu ana shirin wata tafiyar, an ce in zama ma'aji. Mama, yawon buɗe ido muka yi da sunan Allah? In karɓa, ko in ce a fasa?
Wata 'yarki daga Kafanchan

AMSA: 'Yata, na amsa gaisuwa. Wasiƙarki ta zo gidan da ya dace, domin maigidana mai bishara ne kafin ya yi ritaya, kuma shekarun ƙarfinmu a wani ƙauyen Gobirawa muka yi su, arewa da Maradi. Ni ma na zauna a matsayin matar da ke daka furar nan. To bari in gaya miki yadda abin yake daga tsakar gida.

Kada ki sake kiran tafiyarku yawon buɗe ido. Kiristocin Nijar ba su kai biyu cikin ɗari ba, kuma yawancinsu a birane suke. A ƙauye irin wanda kuka je, sujadar Lahadi mai bishara ne da matarsa da 'ya'yansa, sai wata tsohuwa, sai wani malamin makaranta da aiki ya kawo shi daga kudu. Ranar da mota ta tsaya, matasa suka cika ɗakin nan suka ɗaga murya da waƙa, wallahi har ƙwalla nakan yi a bayan ƙofa. 'Ya'yana a nan suka fara sanin cewa akwai samari da 'yan mata irinsu masu bin Almasihu, ba su kaɗai ba ne a duniya. Wannan kuɗi ba ya sayensa, ba kuma a aiko shi ta hannun direba. Bulus ma da ya rubuta wa Romawa yana marmarin zuwa wurinsu, dalilin da ya bayar a sura ta 1 aya 11 da 12 shi ne su ƙarfafa juna, shi da su. Zumunta a ƙafa take, kun kuwa taka.

Amma abin da kunnenki ya jiye miki gaskiya ne, kuma da ba ki ji da kanki ba, har abada matar nan ba za ta faɗa miki ba. Bagobira ta ce wa baƙo abinci ya ƙare? Gara ta ci bashi. Kun sauka a watan Afrilu, lokacin da rumbu ya ja baya, rana kamar ta dafa mutum, rijiya ta yi nisa, kowa yana lissafin abin da zai kai shi saukar damina a watan Yuni. A irin wannan lokaci baki ashirin a gida ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Akwai shekarar da baƙi suka tafi suna yi mana addu'ar albarka, washegari maigida ya ja tunkiyarmu zuwa kasuwa don mu biya mai kanti da 'yan ga-ruwa. Ba mu yi gunaguni ba, mun kuma sake karɓarsu da shekara ta zagayo. Shugabannin matasa suna son kawo Luka sura 10, inda Yesu ya ce wa almajirai su ci abin da aka sa a gabansu. Haka ne. Sai dai bibbiyu ya aike su, ba mota cike ba.

Zancen fenti ba zan daɗe a kai ba. A ƙauyen nan akwai saurayin da ya iya riƙe buroshi kuma yana neman na cefane. Gwanjo ya fi damuna. Duk inda aka kwance dila a ƙofar ɗakin sujada, an bar wa mai bishara rigima ta wata uku: wance ta samu zane biyu, ni ban samu ba. Abin da ya fi wannan muni, kun tabbatar wa masu cewa Kirista da kaya suke sayen mutane maganarsu. In za a kawo tufafi, a ba matar mai bishara bayan kun tafi, ita ta san gwauruwar da ba ta da mayafi da marayan da ke kwana ba riga, ta kuma san yadda za ta kai da dare ba tare da an kunyata kowa ba. Magani kuwa, in ba ma'aikacin lafiya a cikinku, ku bar shi a gida. A Nijar ɗin akwai inda ake wannan aiki da gaske: asibitin Galmi da mishan ta SIM ta buɗe a 1950 a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, da na Danja kusa da Maradi, wanda ya fara da jinyar kuturta tun shekarun 1950, daga baya aka ƙara sashen gyaran yoyon fitsari. Kuɗin motar mara lafiya ɗaya zuwa can ya fi kwalin ƙwayoyin da za a raba wa kowa uku-uku.

Yanzu ga maganar hannuwan da aka ɗaga, wadda na ga ita ta fi ci miki rai. Mutanen nan ba ƙarya suka yi muku ba. Baƙo ya taso daga wata ƙasa, ya nuna musu majigi kyauta, ya roƙi a ɗaga hannu, a bar shi tsaye yana jira? Kara ce suka yi muku, rabinsu ma yara ne. Zuwa sujada ranar Lahadi da rana tsaka, gari yana kallo, wani abu ne daban. Mutum zai auna aurensa, da gonar gado, da wanda zai ba 'yarsa miji, da wanda zai wanke shi ya binne shi ranar da ya mutu. Waɗanda suka zo mana da gaske a shekarunmu, da dare suka fara zuwa kamar Nikodimu, wai sun zo shan shayi da maigida, kuma sai da suka ga yadda muke zama da maƙwabta damina bayan damina. Ba wanda ya taɓa zuwa saboda lasifika.

Aikin nan tun asali haka yake tafiya. 'Yan mishan ɗin da suka fara aikin SIM, su Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas a ƙarshen 1893 da niyyar shiga ƙasar Hausa. Cikin kimanin shekara guda rashin lafiya ta kashe biyu, Bingham kaɗai ya koma. Sai 1902 aka iya kafa tasha ta farko a Patigi, Damagaram kuwa sai 1924. Su ma iyayenmu da suka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa a 1948, wadda yau ake kira EMS a ikilisiyar ECWA, ba 'yan mako biyu suke aikawa ba, iyali suke kaiwa da garma da tukunya su zauna. A Maradin nan da kuka je, wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya iso a farkon shekarun 1980 ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Sai wajen 1983 ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sarewa a gona kututture ne masu rai da saiwa a ƙasa, in an rage musu rassa aka bar ɗaya ko biyu, sai su koma bishiya. Daga nan sassaben zamani ya bazu, yau miliyoyin hekta sun farfaɗo a kudancin Nijar. Mai ilimin gona ke nan, sai da ya shekara biyu a wurin kafin ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ke da kika yi mako biyu, me ya sa kike tuhumar kanki don ba ki ga girbi ba?

Akwai kuma abin da baƙo ke mantawa: shi zai hau mota, mai bishara zai kwana. A watan Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, abin da Kiristan Nijar ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Wanda ya ga wannan ya san darajar zaman lafiya da maƙwabci. Don haka kafin a kunna inji, a je a gai da mai gari, a gai da liman, a kashe lasifika lokacin kiran salla, kuma kada wani saurayi mai zafin kai ya tsaya yana kushe addinin mutanen da suka ba shi ruwa ya sha. Kalma ɗaya a daren majigi takan rushe amincin da aka yi shekara goma ana ginawa.

Lissafinki na kuɗi daidai ne, ban musa ba. Sai dai na daɗe a ikilisiya, na san halinmu. Wanda ya ba da gudummawa don 'yarsa ta hau mota, in aka ce ya ba da rabin wannan don albashin mai bisharan da bai taɓa gani ba, sai ya ce a bari sai ƙarshen wata. Mutum abin da idonsa ya gani yake tunawa. Amfanin tafiyarku na gaske ke ce: yanzu akwai mutum ɗaya a Kafanchan da ta san sunan matar nan, ta san rumbunta ba kome. In kika yi shiru, to a nan ne kuɗin ya tafi a banza.

Saboda haka ki karɓi ma'ajin, amma da sharaɗi, ki kuma faɗe shi gaban dattawa tun kafin a fara tara kuɗi. A kira mai bishara a tambaye shi yaushe yake so a zo, mutum nawa, a yi masa me. Sau da yawa amsarsa za ta ba ku mamaki: wani so yake a zo a taya shi girbi, wani so yake a riƙe masa sujada Lahadi biyu ya kai matarsa ganin gida. Ƙauyen da kuka je shi za ku koma, ba sabo ba don a samu sababbin hotuna. Mutum biyar sun isa, a je bayan kaka, a aika buhun hatsi da kuɗin cefane tun kafin a isa, a damƙa su a hannun uwargida cikin ɗaki. Duk naira da aka kashe a hanya a ware kwatankwacinta don riƙon iyalin nan, wata-wata, kuma ku tuna naira ta faɗi a gaban sefa, abin da kuke gani da yawa a nan in an canza shi ba ya cika hannu. Riguna masu rubutu a bar su. Hotunan yara marasa riga da kuka sa a Facebook a cire, ba wanda ya nemi izinin iyayensu, kuma sunan ƙauye da fuskar sabon mai bi a intanet na iya jawo masa abin da ba ku zata ba. Irin gero kuwa kada ki jira taron kwamiti. Ki tara abin da za ki iya da ƙawayenki biyu-uku, ki nemi amintaccen ɗan kasuwa mai bin hanyar Jibiya, ya isa gare ta kafin ruwan shuka. Kada ki ce mata kin ji abin da ta faɗa. Ki ce tukuicin fura ne.

TAMBAYA: Mama, ɗana ɗan shekara ashirin ya dage sai ya bi 'yan zumuntarsu zuwa Nijar. Ni hanyar ce ke ba ni tsoro. In hana shi?
Wani uba daga Ɓillire

AMSA: Ɗan'uwana, tsoronka da dalili. Ka fara tambayar ina ne ainihin inda za su. Yankin Tillaberi da na Diffa ba wurin kai matasa ba ne yanzu, haka can arewacin Tawa: a Abalak aka sace wani ɗan mishan Ba'amurke, Jeffery Woodke, a Oktoban 2016, sai Maris ɗin 2023 ya kuɓuta, shi da ya yi shekaru a wurin yana jin harshen mutanen. Hanyar Katsina zuwa Jibiya ma a namu gefen ba a bin ta da dare. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dokokin kan iyaka suke sauyawa, an rufe an buɗe, Nijar kuma ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ya tafi da fasfo, ba katin makaranta ba, da katin rigakafin shawara, da wasiƙar gayyata daga ikilisiyar da za ta karɓe su don nuna wa jandarma. In lokacin rani ne a yi masa allurar sanƙarau, ya ɗauki gidan sauro. Ka nemi lambar faston da ke can ka yi magana da shi da kanka. In shi ya ce su zo, kuma akwai dattijo a cikin tafiyar, ka sa wa yaron albarka ya tafi. In shugabanninsu suka kasa ba ka wannan lamba, ya zauna gida.