Yarona Ya Gagari Malamai, Ubansa Kuma Ba Ya Nan

Tambaya: Ɗana shekararsa 9, yana aji huɗu na firamare. Shekara biyu ke nan da mahaifinsa ya bar mu, sai kiran waya jefi-jefi. A zangon nan sau uku ana kirana makaranta: faɗa da yara, ƙin zama a aji, ƙin yin aikin gida. Na yi faɗa, na yi duka, abin sai gaba yake yi. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kafin a ɗora komai a kan tafiyar mahaifinsa, ki tuna yaushe abin ya soma. In tun yana shekara 5 ko 6 haka yake, tushen ya girmi tafiyar uban. In kuwa yaro ne mai natsuwa da ya juya bayan rabuwar, mai yiwuwa baƙin ciki ne, domin yara da yawa ba su iya cewa ransu a ɓace yake, sai hannu ya faɗi abin da baki ya kasa.

Ki fara da jikinsa. A auna idonsa da kunnensa, domin yaron da ba ya ganin allo ko ba ya jin malami dole ya nemi abin yi. Ki ba shi littafin aji uku ya karanta miki shafi ɗaya da babbar murya. In yana tuntuɓe a kusan kowane layi, ƙiriniyar tana rufe kunya ce: gara a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi. Ki lissafa barcinsa kuma. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12. Akwai kuma matsalar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD. Ba a tabbatar da ita sai alamun sun kai wata 6, sun bayyana kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Likita ne ke yanke wannan, ba malamin aji ba.

In kin koma makaranta, kada ki tsaya ga "ba ya ji". Ki tambayi malaminsa: a wane darasi, da wa, me ke faruwa daf da faɗan? Sau da yawa sai a tarar tsokanarsa ake yi da maganar uba. Daga nan ku yi ɗan kati mai buri uku kacal, a rubuce da abin da ake so ya yi: ya zauna har ƙarshen darasi, ya kame hannunsa, ya gama aikin aji. Malami ya sa alama kullum, yaro ya kawo miki. In ya cika biyu cikin uku, ya samu ladansa a ranar, ko da ƙarin minti 20 na wasa ne. Abin da ke kashe tsarin nan sananne ne: buri ya yi yawa, ko a ce lada sai ƙarshen zango, ko a ƙwace abin da ya riga ya samu saboda wani laifi dabam. Mako na farko ko na biyu halinsa na iya ƙara tsanani, gwada ki yake yi ya ga ko da gaske kike. A nan iyaye da yawa ke sarewa, ana daf da nasara.

Duka kam ki ajiye shi. Yana tsayar da yaro na ɗan lokaci, amma yana koya masa cewa mai ƙarfi da hannu yake magana, darasin da zai kai wa abokan ajinsa gobe. Ki matso kusa, ki ba da umarni ɗaya gajere. In ya ƙi, ya rasa wani abin da yake so na wannan rana kaɗai. Ki kuma ware masa minti 10 zuwa 15 kullum, ku biyu, shi zai zaɓi abin yi, ba gyara ba tuhuma, ko a ranar da ya yi laifi.

Maganar uba ita ce mai nauyi. Yara kan ɗauka su suka jawo rabuwar, don haka ki gaya masa gaskiya a taƙaice, ki kuma maimaita: "Babanka ba ya zaune da mu, tsakanin manya ne, ba laifinka ba ne." Kada ki yi masa alkawarin dawowar da ba ki da iko da ita, kada kuma ki ce uban zai zo sai kin tabbata. Kalma biyu nake roƙon ki guje musu: "ka ɗauko halin ubanka" da "yanzu kai ne mai gida". Ta farko tana gaya masa cewa lalacewa a jininsa take, ta biyu kuma kaya ce da wuyan ɗan shekara 9 ba zai ɗauka ba. In akwai kawu ko kaka mai amana, ya riƙa ganinsa rana guda tsayayya a mako. Zuwan da ba ya fashi ya fi kyauta mai tsada amfani.

Ki ba tsarin mako 6 zuwa 8. In ba canji, ku ga likitan yara ko masanin halayyar yara. Amma in ya ambaci mutuwa, ko yana ji wa kansa ciwo, ko yana azabtar da dabbobi, ko wasa da wuta, kada ki jira: ki kai shi a makon nan.